Filin Amsa Tambayoyin Lafiya: Siliniyam, Tsakanin Ƙaranci da Wuce Kima

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun taru a kan sinadari guda, wato siliniyam, wanda ake tallarsa a jikin kwalaben ƙwayoyin ƙarin lafiya da alƙawura masu nauyi. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita kowace ba tare da sauya manufar mai ita ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin kimiyyar abinci. An koya mana cewa siliniyam guba ne, an kuma koya mana cewa jiki ba ya rayuwa sai da shi. Yaya za a haɗa waɗannan maganganu biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganganun biyu duk gaskiya ne, kuma a tarihin binciken ma ta farkon ce ta riga ta biyun. Masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano siliniyam a 1817, amma fiye da shekara ɗari bayan haka ba a san shi da komai a fannin lafiya ba sai cutarwa. A shekarun 1930 an tabbatar da cewa dawakai da shanun da ke kiwo a wasu filayen jihar Dakota ta Kudu a Amurka suna zubar da gashi, kofatansu suna lalacewa, saboda ciyawar da suke ci ta zuƙo siliniyam mai yawa daga ƙasa. Sai a 1957 Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin siliniyam yana hana hantar ɓeraye ruɓewa idan an ba su abincin da ba shi da shi. A 1973 kuma masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka gano dalili: sinadarin yana cikin ginin wani furotin mai suna gulutatayon faroksides, wanda aikinsa shi ne warware wasu gurɓatattun sinadarai da ƙwayoyin jiki ke haifarwa yayin da suke amfani da iskar da muke shaƙa, kafin su kai ga lalata fatar ƙwayar halittar.

A yau an san cewa ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado 25 da ke sarrafa furotin masu ɗauke da siliniyam. Wasunsu masu kare ƙwayoyin jiki ne, wasu suna aiki da sinadaran tayirod, wato ɗan ƙullun naman da ke gaban wuya, ɗaya yana dakon siliniyam ɗin daga hanta zuwa ƙwaƙwalwa da 'ya'yan maraina, wani kuma yana cikin ginin ƙwayar maniyyi. Duk wannan aiki da ɗan abu kaɗan ake yinsa. Hukumomin Amurka sun ƙiyasta buƙatar baligi a kan maikirogiram 55 a rana, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai kuma ta ce 70, alhali maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Da zarar waɗannan furotin sun samu abin da suke buƙata, ƙarin da ya biyo baya ba ya ƙara musu aiki, sai dai ya taru a jiki ko ya fita ta fitsari, idan kuma ya yi yawa ya fara ɓarna. Tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ke cutarwa ƙarama ce idan aka kwatanta da yawancin sinadaran abinci, kuma wannan shi ne abin da nake so ki riƙe kafin ki karanta sauran amsoshin.

Tambaya: Malam, shekaruna 58. Mahaifina ciwon dajin furostet, wato ƙullun naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ne ajalinsa, Allah Ya jiƙansa. Wani aboki ya ce mini bincike ya tabbatar da cewa shan siliniyam kullum yana hana wannan ciwo, har ya kawo mini kwalba. In fara sha?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinka, Alhaji, Ya sa ya huta. Abokinka bai ƙirƙiri maganar ba, domin akwai lokacin da manyan masana da kansu suka ɗauke ta da muhimmanci, amma labarin da ya ba ka ya tsaya a rabi, kuma rabin da ya rage ne ya shafe ka.

A 1996 Larry Clark da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 1,312 a gabashin Amurka, dukansu waɗanda suka taɓa yin ciwon dajin fata. An ba rabinsu siliniyam maikirogiram 200 a rana, sauran kuma aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda ba ta ɗauke da komai. Abin da aka shirya gwajin domin ganowa shi ne ko siliniyam zai hana ciwon dajin fatar dawowa, kuma bai hana ba. Amma da aka duba sauran alƙaluma sai aka ga cewa masu shansa sun fi ƙarancin kamuwa da dajin furostet da na huhu da na hanji, mutuwa daga ciwon daji kuma ta ragu da kusan rabi. Wannan labari ya karaɗe duniya, kuma daga nan kasuwar ƙwayoyin siliniyam ta buɗe.

Sai dai masu bincike sun san cewa sakamakon da aka yi kiciɓis da shi a gefen hanya, a gwajin da ba don shi aka tsara ba, yana iya zama dacen lissafi kawai, musamman idan waɗanda suka kamu da ciwon 'yan ƙalilan ne. Saboda haka a 2001 aka fara wani babban gwaji mai suna SELECT, wanda ya ɗauki maza fiye da 35,000 a Amurka da Kanada da Fatoriko. An ɗauki baƙaƙen fata tun daga shekara 50, sauran kuma daga 55, domin an san cewa wannan ciwo ya fi kama baƙar fata da wuri. An kasa su gida huɗu: masu shan siliniyam maikirogiram 200, masu shan bitamin E, masu shan duka biyun, da masu shan ƙwayar da ba komai a cikinta. A 2008 aka dakatar da gwajin tun kafin wa'adinsa ya cika, domin ya bayyana ƙarara cewa babu rukunin da ya samu kariya. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen, a 2011 aka ga cewa masu shan bitamin E shi kaɗai sun fi kamuwa da ciwon da kashi 17 cikin ɗari. A 2014 kuma aka auna siliniyam ɗin da ke cikin faratan ƙafa da mazan suka bayar tun a farkon gwajin, aka gano cewa waɗanda dama suke da siliniyam mai yawa a jikinsu, da aka ƙara musu da ƙwaya, haɗarin kamuwarsu da nau'in dajin furostet mai tsanani ya kusa ninkawa.

Gwajin farko ma da aka koma gare shi bai fita lafiya ba. An ga cewa amfanin da aka samu ya taƙaita ne ga waɗanda suka shiga da ƙarancin siliniyam a jininsu, an ga ƙaruwar wani nau'in dajin fata a cikin masu sha, sannan wani nazari da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa ciwon sukari ya fi bayyana a cikinsu fiye da waɗanda ba su sha ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen lafiya tana tace su, ta kammala da cewa gwaje-gwaje masu inganci ba su nuna cewa ƙwayoyin siliniyam suna rage ciwon daji ba.

Ina jinjina wa masu binciken da suka kashe shekaru suna gwada abin da su kansu suke fatan ya zama gaskiya, suka kuma faɗi sakamakon yadda ya zo. Abin da ke damuna shi ne har yanzu ana sayar da labarin 1996 a jikin kwalabe kamar ba a taɓa yin na 2008 ba. Shawarata gare ka, Alhaji, ita ce ka ajiye kwalbar. Mutumin da mahaifinsa ya yi wannan ciwo yana cikin haɗari fiye da sauran maza, kuma abin da zai amfane ka shi ne ka ga likita ka gaya masa tarihin mahaifinka, ku tattauna gwajin jini da ake kira PSA, da amfaninsa da kuma iyakarsa, kuma kada ka yi sakaci idan ka fara ganin sauyi a yadda fitsari ke fita.

Tambaya: Malam, idan ƙwayoyin ba su da amfani, me ya sa ake cewa ƙarancin siliniyam yana kashe mutane? Kuma ta yaya mutum zai san yana da ƙarancinsa?

Amsa: Malam, ban ce ba su da amfani ga kowa ba. Ga wanda yake da ƙaranci na gaske siliniyam yana ceton rai, kuma hujjar da ta fi kowace ƙarfi daga ƙasar Sin ta fito. A 1935 wata cuta ta ɓarke a gundumar Keshan da ke lardin Heilongjiang, inda zuciyar ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa take kumbura ta kasa harba jini, wasu su faɗi su mutu farat ɗaya. Da aka bi sawun cutar sai aka ga tana bin wani dogon zirin ƙasa daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yammacin ƙasar, inda ƙasar noma ba ta da siliniyam, mutanen kuma ba sa cin komai sai abin da gonakinsu suka ba su, har abin da suke samu a rana bai wuce maikirogiram goma da 'yan kai ba. Tsakanin 1974 da 1976 aka yi gwaji da dubban yara a gundumar Mianning ta lardin Sichuan, ana ba wasunsu ƙwayar siliniyam sau ɗaya a mako, kuma cutar ta ragu ƙwarai a cikinsu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi ɗaukar hankalina. Cutar Keshan tana tashi ne a wasu lokutan shekara, tana kuma tsananta a wasu shekaru, alhali ƙasar noma ba ta sauya ba, abin da ya nuna cewa akwai wani abu bayan ƙarancin. A shekarun 1990 Melinda Beck da abokan aikinta a Amurka suka ɗauki wani nau'in bairas na Coxsackie wanda ba ya cutar da zuciya, suka sa wa ɓerayen da aka hana siliniyam. A cikin jikin waɗannan ɓeraye ƙwayoyin gadon bairas ɗin suka sauya ya koma mai kama zuciya, kuma da aka ciro shi aka sa wa ɓeraye masu cikakken abinci, su ma ya kama zuciyarsu. Ma'ana, rashin abinci mai kyau a jikin wani yana iya haifar da ƙwayar cuta mai haɗari ga wanda yake ƙoshe. Akwai kuma cutar Kashin-Beck mai lalata guringuntsi da gaɓoɓin yara a Tibet da wasu sassan Sin da Saiberiya, wadda ƙarancin siliniyam yake cikin dalilanta tare da ƙarancin aidin da gubar funfuna a hatsi.

Daga nan za ka ga cewa asalin maganar a ƙasar noma take. Tsiro yana zuƙo siliniyam gwargwadon abin da ya tarar, shi ya sa alkamar Arewacin Amurka ta fi ta Turai yawansa nesa ba kusa ba. Ƙasar Finlan, da ta ga cewa ƙasarta ba ta da shi, sai ta fara zuba shi a takin zamani tun 1984, abin da mutanenta ke samu a abinci ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan shekaru, kuma tun daga lokacin ana auna jinin jama'a ana rage adadin ko ƙara shi gwargwadon abin da aka gani. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa, domin tana kai ɗan abin da ake buƙata ga kowa ta cikin abinci, ƙarƙashin sa ido, maimakon a bar mutum shi kaɗai da kwalba.

Game da yadda mutum zai sani kuwa, babu wata alama da za ka gani a madubi ka ce ta ƙarancin siliniyam ce. Gajiya da raunin tsoka da ake ambata a tallace-tallace suna da dalilai barkatai. Gwajin jini ne ke nunawa, farce da gashi kuma suna nuna yadda abin yake cikin watannin da suka gabata. Waɗanda likitoci suka fi sa wa ido su ne masu wankin ƙoda, da waɗanda aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya, da masu ciwon hanjin da ke hana abinci shiga jiki, da masu ɗauke da cutar HIV, sai kuma mazauna yankunan da ƙasarsu ba ta da shi waɗanda ba sa samun nama ko kifi ko ƙwai. Mutumin da yake cin waɗannan ukun lokaci zuwa lokaci, tare da hatsi da wake iri-iri, da wuya ya shiga wannan sahu.

Tambaya: Malam, likita ya ce ina da ciwon tayirod irin na Hashimoto, ina shan maganin da ya rubuta mini. Na karanta cewa siliniyam yana warkar da shi. Zan iya barin maganin in koma kansa?

Amsa: Hajiya, ina roƙonki kada ki bar maganinki. Gaskiya ne cewa tayirod, wato ɗan ƙullun naman da ke gaban wuya wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, ya fi kusan kowace gaɓa a jiki tara siliniyam idan aka auna da girmansa, kuma furotin ɗin da ke juya sinadarinsa na T4 zuwa T3, wanda shi ne mai aikin, da siliniyam aka gina su. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa shan siliniyam yana rage yawan dakarun garkuwar jiki da ke kai wa tayirod hari a ciwon Hashimoto, kamar yadda ake gani a takardar gwajin jini. Amma raguwar lamba a takarda daban, samun sauƙin maras lafiya daban, kuma gwaje-gwajen ba su tabbatar da cewa masu sha suna daina buƙatar magani ba. Tayirod ɗin da ya kasa samar da isasshen sinadari, maye gurbin sinadarin ake yi, kuma aikin da maganinki ke yi ke nan.

Inda aka samu hujja mai kyau shi ne a ciwon Graves, wani ciwon tayirod na daban da ke sa shi samar da sinadari fiye da kima, a lokacin da ya fara taɓa idanu bai yi tsanani ba. A 2011 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai inda aka ba marasa lafiya maikirogiram 100 sau biyu a rana har wata shida, idanunsu suka samu sauƙi, ciwon kuma bai ci gaba da sauri ba. Ko a nan, an yi gwajin ne a yankunan da siliniyam yake da ɗan ƙaranci, na ƙayyadadden lokaci, a hannun likitoci. Idan kina son gwadawa a kan maganinki, ki kai maganar gaban likitan da ke duba ki, shi ya san sauran abubuwan da kike sha.

Tambaya: Malam, ina shan ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe, ina shan ta siliniyam daban, sannan ina cin gyaɗar Barazil cikin tafin hannu kowace safiya. Kwanan nan gashina yana zubewa, faratana suna karyewa. Ƙawata ta ce alamar ƙaranci ce, in ƙara. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ce ta fi tayar mini da hankali a cikin duka, domin alamun da kika lissafa su ne sanannun alamun yawan siliniyam a jiki. Ki dakatar da ƙwayar siliniyam da gyaɗar nan tun yau, ki tafi wurin likita da duk kwalaben da kike sha a hannunki, ki nemi a auna jininki. Zubewar gashi tana da wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ko matsalar tayirod, shi ya sa ganin likita ya zama dole, amma bari mu yi lissafin abin da kike sha.

Gyaɗar Barazil ita ce abincin da ya fi kowane yawan siliniyam. Ƙwara ɗaya tak tana iya ɗaukar maikirogiram 70 zuwa 90, wato fiye da buƙatar yini guda, ko da yake adadin yana bambanta ƙwarai gwargwadon ƙasar da itacen ya tsiro. Cikin tafin hannu, ƙwara shida zuwa takwas, yana iya haura 500. Ƙwayar siliniyam galibi 100 ce ko 200, ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe tana ƙara nata, ga kuma wanda ke cikin abincinki na yau da kullum. Hukumomin Amurka sun sa iyakar da bai kamata baligi ya wuce ba a kan 400 a rana, hukumar Turai kuwa ta sauko da tata zuwa 255 a 2023. Ko da wace aka auna ki, akwai yiwuwar kin daɗe da tsallake ta.

Yadda wannan guba take an gan shi ido da ido. A farkon shekarun 1960, a yankin Enshi na lardin Hubei a Sin, inda ƙasa da kwal suke cike da siliniyam, mazauna wasu ƙauyuka sun riƙa samun kusan maikirogiram 5,000 a rana daga amfanin gonarsu. Gashinsu ya riƙa karyewa daga tushe, faratansu suka yi fari-fari da tabo, suka tsattsage suka fita, wasu kuma jijiyoyinsu suka taɓu. A 2008 a Amurka mutum kusan 200 sun kamu bayan sun sha wani ruwan ƙarin lafiya da aka yi kuskure wajen haɗa shi, ya ɗauki siliniyam kusan ninki 200 na abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Sun yi fama da gudawa da gajiya da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi, wasunsu kuma watanni uku bayan sun daina sha faratansu ba su dawo daidai ba. Akwai wata alama da za ki iya tambayar na kusa da ke: numfashi mai warin tafarnuwa ba tare da an ci ta ba, wanda ke fitowa saboda jiki yana fitar da rarar siliniyam ta huhu. Wasu kuma suna jin ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Kada ki bari garin neman ƙiba a samo rama. Idan gwaji ya tabbatar da cewa yawan siliniyam ne, babu wani magani na musamman da ake bayarwa, dakatar da shan shi ne maganin, jiki kuma yana fitar da rarar a hankali cikin makonni zuwa watanni. Gashi yakan sake tsirowa, farce kuma sai sabo ya turo tsohon, wanda a yatsun hannu yakan ɗauki kamar wata shida. Idan kina da juna biyu ko kina shayarwa ki gaya wa likitan tun a farkon zama, domin buƙatarki a wannan hali 60 ce zuwa 70 kacal a rana, kuma ita ma ƙwayar bitamin ɗin mai haɗe-haɗe shi zai duba ya gaya miki ko za ki ci gaba da ita.